Tsakanin Kasuwa da Hukuma, Wa Ke Riƙe da Mudu?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya kau, da wuya ka zauna a wata majalisa, ta ƙofar masallaci ce ko ta teburin mai shayi, ba ka tarar da mutane sun rabu gida biyu ba. Wasu na cewa gwamnati ta yi watsi da talaka, ta miƙa wuyansa ga 'yan kasuwa. Wasu na cewa ai dama tallafin nan bai taɓa isa hannun talaka ba, wasu tsiraru yake yi wa ƙiba.

Kowane ɓangare da hujjarsa. Na farko zai tuna maka cewa litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000, alhali mafi ƙarancin albashi yana nan a naira 30,000 har zuwa watan Yuli na 2024 da aka mai da shi 70,000. Na biyu zai ce maka kamfanin NNPC da bakinsa ya ce tallafin ya lashe fiye da naira tiriliyan 4 a shekarar 2022 kaɗai, kuma tun 2012 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya gano cewa kimanin dala biliyan 6.8 sun salwanta ta wannan hanya tsakanin 2009 da 2011. Zai ƙara maka da jarkokin da ake ɗaure wa babura ana tsallaka iyaka da su zuwa Maradi da Birnin Ƙonni. Duk waɗannan alƙaluma gaskiya ne. Amma har yau ban ga wanda ya tashi daga irin wannan zama ya ce lissafin ɗan'uwansa ya sauya masa ra'ayi ba. Kowa da abin da ya zo da shi yake komawa gida.

Abin da ya sa haka shi ne nake so mu duba, domin ina ganin gardamar ba a kan farashin lita take tsayawa ba. A ƙarƙashinta akwai tambayar da ta girmi fetur: wa ka yarda da shi, kuma a ina ka koyi yarda da shi?

A duba 'yan siyasarmu. A watan Janairun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya cire tallafin, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cik. A Kano matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee, har sai da gwamnati ta sauko da farashin zuwa 97. Manyan 'yan adawar wancan lokaci, har da Tinubu, sun yi tir da matakin. Da mulki ya koma hannunsu, gwamnatin Buhari ta kai lita naira 145 a 2016, kuma a zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafin. Lissafin bai canza ba tsakanin 2012 da 2023, mai riƙe da asusu ne ya canza. Shi ma talakan da ya fita titi a 2012 bai fita don ya karanta littafin tattalin arziki ya ga kuskure a ciki ba. Tambayarsa ɗaya ce, kuma tana kan hanya: kuɗin da za a tara in an cire, a hannun wa za su zauna?

Mu da muka fito daga ƙasar gyaɗa muna da tarihin da ya ishe mu nazari, ba sai mun je aro ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya a 1912. Abin da Turawan mulki suka ƙwallafa rai a kai shi ne auduga, don masaƙun Lancashire su samu abin saƙa, har ƙungiyarsu ta noman auduga ta kafa injin gurza a Zariya. Manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugar da yake nomawa, masaƙan gida suna saye da daraja fiye da abin da Bature ke tayawa. Gyaɗa kuwa tana shiga tsakanin kunyoyin gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in farashi ya faɗi a ci ta, mata su matse mai su soya ƙuli-ƙuli. Fataken da suka goge a cinikin goro, irin su Alhassan Ɗantata, suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi, suna ba manoma tun kafin kaka. Cikin 'yan shekaru Kano ta zama cibiyar gyaɗa, abin da babu wani jami'in mulki da ya tsara. Duk mai son ya kare 'yancin kasuwa, ba zai samu hujjar da ta fi wannan ƙarfi a ƙasarmu ba: manomin da bai taɓa shiga makarantar boko ba ya fi masu mulkinsa sanin abin da gonarsa za ta iya.

Sai hukuma ta shigo. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta karɓe sayen amfanin gonar da ake fitarwa, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aka mai da irin waɗannan hukumomi hannun gwamnatocin yankuna. Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne. An ce farashin duniya hawa da sauka yake yi, don haka hukuma za ta yanke farashi ɗaya, ta ajiye rara a shekarar da kasuwa ta yi kyau, ta cike wa manomi giɓi a shekarar da ta faɗi. Abin da ya faru a zahiri shi ne shekara da shekaru ana biyan manomi ƙasa da abin da gyaɗarsa ta samo a Turai, rarar kuma ta zama kuɗin gwamnati. Ba zan ce duka aka cinye ba. An yi hanyoyi, an kafa masana'antu, an gina makarantu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu kyauta a zamanin Sardauna gumin manomin suka ci. Amma haraji ne da ba a kira shi da sunansa ba, kuma ba wanda ya nemi yardar mai biya. Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin mai kuma suka ɗauke hankalin gwamnati, manomi bai ga dalilin ci gaba da wahala don wani ba. Dalar gyaɗa, wadda ake jera buhu wajen 15,000 a kowace ɗaya, ta zama hoto a jikin takarda.

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Da maganar masu kasuwa zalla ta cika, da daga nan noma ya farfaɗo. Bai farfaɗo yadda aka yi alkawari ba, domin da aka kori hukumar an kore ta ne da duk abin da take ɗauke da shi, mai kyau da maras kyau. Ingantaccen iri ya yi wuya, masu tantance ingancin kaya suka ɓace, malamin gona ya daina zuwa, auduga ta cakuɗe. Masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, suka yi ta fama da rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri har suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1990 da 2000. Saboda haka in ka ce wa tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri ta Kaduna "a bar kasuwa ta yi halinta", ranar da aka garƙame ƙofar kamfani yake tunawa. In ka ce wa tsohon manomin gyaɗa "gwamnati za ta saye amfaninka", sikelin wakilin hukuma yake tunawa. Dukansu ba ƙarya suke yi ba, kowa abin da idonsa ya gani yake faɗa.

Haka labarin yake a waya da wuta. Kafin 2001 layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Aka yi gwanjon lasisi a fili, kamfanoni suka shigo, da Glo ya zo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa sauran suka bi dole, yau mai tallan goro ma da wayarsa. A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki guda 11 da irin wannan fata, amma har yanzu mai walda da mai niƙa janareta suke dogara da shi. Bambancin a bayyane yake. A waya in wannan ya cuce ka sai ka koma wancan, kuma akwai hukumar da ta tsaya a kan ƙa'ida. A wuta kamfani ɗaya ne a yankinka, ba ka da inda za ka gudu.

Wanda kuma yake ganin kasuwa ba ta kuskure, ya tuna 2005 a Jamhuriyar Nijar. Ƙarancin ruwa da fara sun taɓa amfanin 2004, farashin gero ya yi tashin gwauron zabo. Hatsi bai ƙare a kasuwannin Maradi da Damagaram ba, kuɗin saye ne ya ƙare a hannun mutane. Da farko gwamnati da masu ba ta agaji suka zaɓi sayar da hatsi da rangwame maimakon rabawa kyauta, don kada a dagula kasuwa, alhali magidancin da ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ko rangwamen ba ya iya biya. Sai da damina ta yi nisa aka fara rabon kyauta, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke ta karɓar dubban yara masu tamowa. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, wanda ya ga yunwar Bengal ta 1943 yana ɗan shekara tara, ya shafe shekaru yana nuna wannan: mutane kan mutu da yunwa abinci na jibge a gabansu, domin kasuwa mai kuɗi take amsa wa. Uwar da ɗanta ke ramewa a bayanta ba za ta iya jiran farashi ya daidaita kansa ba.

To, in tarihi ya ba kowane ɓangare hujja haka, me ke sa mutum ya karkata nan ko can?

Mafi yawanmu ba karatu ne ya ba mu matsayinmu ba. Mun same shi tun muna yara, daga baya muka nemo masa dalilai. Margaret Thatcher, wadda ta zama Firaministar Birtaniya a 1979 ta sayar da kamfanonin gwamnati ta karya ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago, a saman kantin mahaifinta ta tashi a garin Grantham, gidan da ake ƙirga kowane kwabo ana ƙyamar bashi. Aneurin Bevan, wanda ya kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta a ƙasar a 1948, ɗan mahaƙin kwal ne daga Wales, shi ma ya shiga rami yana ɗan shekara 13, kuma cutar ƙurar kwal ce ta kashe mahaifinsa. Friedrich Hayek, da ya rubuta littafinsa na 1944 yana gargaɗi cewa tsara tattalin arziki daga sama hanya ce ta bauta, ya ga yadda kuɗin ƙasarsu Ostiriya suka zama takardar banza bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma ga tasowar mulkin kama-karya a Turai. John Maynard Keynes kuwa layukan marasa aikin yi na shekarun 1930 ne suka tsaya masa a rai, ya ce in kasuwa ta kwanta dole gwamnati ta kashe kuɗi ta tashe ta. Manyan masana ne, amma kowannensu akwai abin da ya taɓa tsorata shi, kuma a kan wannan tsoro ya gina iliminsa.

A gida ma haka ne. Malam Aminu Kano ya tashi a gidan malamai da alƙalai, ya ga yadda ake tatsar talaka da haraji da jangali da aikin tilas a ƙarƙashin En'e. Da shi da abokansa suka tsaya a jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, burinsu hukuma ta zama garkuwar talaka maimakon bulalar da ake dukansa da ita. Ɗan gidan fatake kuwa, wanda kakanninsa suka yi ta kai-komo tsakanin Kano da Gwanja, abin da ya gada shi ne hukuma mai tare hanya ce ta karɓi kuɗin fito, arziki kuma a ƙafa yake da haƙuri. Ma'aikacin gwamnati da ɗan Kantin Kwari suna iya zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, su yi sallah a sahu ɗaya, amma in aka zo maganar tallafi sai ka ji kamar ba ƙasa ɗaya suke ba. Ɗaya albashinsa a tsaye yake farashi na gudu, ɗaya kuma yana iya ƙara wa kayansa kuɗi gobe da safe.

Ban faɗi wannan don in ce ra'ayin kowa tuwonsa ne kawai ba. In da haka ne, da babu amfanin muhawara. Na faɗa ne don mutum ya san inda nasa ra'ayin ya fito, ya daina ɗaukar wanda ya saɓa masa jahili ko maƙiyin talaka. Kuma akwai wata rijiya da yawancinmu muka sha daga gare ta kafin mu san mene ne albashi ko riba, wato tarbiyyar gida da karatun addini. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke shigo da gardamar Turawa ɗungurungum, jari-hujja a nan gurguzu a can, alhali malamanmu sun tattauna wannan mas'ala ƙarnuka kafin a haifi waɗannan sunaye.

Hadisin Anas ɗan Malik sananne ne. Kaya suka yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi (SAW) ya yanke farashi, ya ƙi, ya nuna musu cewa hawa da saukar farashi a hannun Allah suke, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Wannan ƙin tsoma hannu ne ƙarara. Amma shi ɗin ne kuma ya ratsa kasuwa ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi, ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya tsawatar da mai kayan a kan algus. Ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Ya hana tare ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Alƙur'ani ya saukar da sura guda da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu. Daga nan aikin hisba ya samo asali, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya suka yi bayanin cewa in 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba su iya rayuwa sai da shi, shugaba na da ikon tilasta musu sayarwa a kan farashin da ya dace. Ibn Khaldun kuma, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ware babi guda yana nuna cewa in sarki ya shiga fatauci da kansa, talakawa za su cutu, harajinsa ma zai ragu, domin ba mai iya gasa da wanda ke riƙe da takobi da baitulmali.

In ka haɗa waɗannan, tsarin a fili yake. Hukuma ba ta zama 'yar kasuwa, ba ta yanke farashi don son rai, amma ba ta barin kasuwa babu mai tsaro. Aikinta mudu da sikeli da gaskiyar ciniki da kare mai rauni. Ko Adam Smith, da ake kira uban masu ra'ayin kasuwa, bai yi nisa da wannan ba. Malamin ilimin ɗabi'a ne a Jami'ar Glasgow, kuma littafinsa na farko a 1759 a kan tausayi da lamiri yake, shekara 17 kafin ya fitar da na dukiyar al'ummai a 1776. A cikin na biyun ma ya yi gargaɗi cewa 'yan sana'a ɗaya in sun taru, sau da yawa hirarsu kan ƙare da ƙulla yadda za su tsauwala wa jama'a, ya kuma ɗora wa hukuma tsaro da shari'a da manyan ayyuka da ilimin 'ya'yan talakawa. Masu ɗaga sunansa a yau sun fi son rabin maganarsa.

Je ka wurin masu awo ka tsaya ka kalli hannunsu. Wani zai cika tiya ya yi mata tozo, ya tare da damtsensa kada ƙwaya ta zube, ya juye maka, sannan ya ɗebo ɗan gyara ya ƙara. Wani kuma an bubbuge gindin kwanonsa ya shige ciki, yana awo yana janye yatsa, hatsin na komawa buhu kana kallo ba ka gani. Farashinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, dokar da ke kansu ɗaya. Abin da ya raba su ba a kasuwa aka koya musu shi ba, ba kuma a ofishin ƙaramar hukuma ba. Na farkon akwai wanda ya taɓa gaya masa, tun yana ƙarami, cewa akwai ranar da za a auna masa shi ma, kuma ya ga mai faɗar yana aiki da abin da ya faɗa.

Kasuwancin Hausawa kacokan a kan irin wannan amana ya tsayu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin cinikin shanu da goro. Ya tarar ana kawo shanu daga Arewa a sayar wa mahauta bashi, babu takarda babu banki babu kotu, sai maganar maigidan da bafatake ya sauka a wurinsa da sanin dillali. In mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya, don sunansa shi ne jarinsa. Har gobe haka ake ba da dilolin atamfa a Kwari ga mutanen Agadas da Njamena, haka mata ke zuba adashi, haka ubangida ke sallamar yaronsa da jari bayan ya yi masa shekaru a shago. Kasuwa tana cin amfanin amana, amma ba ita ke haifar da ita ba. Gwamnati ma haka. Hukumar gyaɗa da ta samu amintattun ma'aikata ta gina abin da ake gani, irinta da ta faɗa hannun maciya amana ta zama hanyar sata. Tallafin mai a takarda taimakon talaka ne, a hannun marasa tsoron Allah ya koma biyan kuɗin jiragen da ba su taɓa sauke ko lita ɗaya ba.

Ga inda na tsaya. A ƙasar da amana ta yi ƙaranci a ofis, duk ƙofar da za ta ba jami'i ikon zaɓar wanda zai samu abu da araha, a rufe ta. Mun gani a canjin kuɗi: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage tana wajen 750, duk wanda ya san wani ya samu ta farko ya sayar a ta biyu ya yi kuɗi bai motsa daga kujerarsa ba. Mun gani a 1984, da sojoji suka riƙa fasa shaguna suna tilasta sayar da kaya a farashin hukuma, madara da sukari da sabulu suka ɓace sai an bi dogon layi. Mun gani a rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da ya durƙusar da ƙananan 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari, shinkafa kuma ba ta yi araha ba. Ko rufe rumbunan kasuwar Dawanau ta Kano da aka yi a farkon 2024 da sunan yaƙi da ɓoye abinci, ina ganin yana buƙatar taka-tsantsan. Mai haɗa baki ya ƙirƙiri yunwa azzalumi ne, a hukunta shi. Amma wanda ya sayi gero da kaka ya adana ya fito da shi tsakiyar damina, shi ne dalilin da ya sa ake samun gero a kasuwa a watan Agusta. In aka tsorata shi, hatsin zai koma inda ido ba ya gani.

Sai dai wannan rabin hukuncin ne, kuma masu yabon kasuwa sukan yi shiru a kan ɗaya rabin. Gwamnatinmu ta cika wuraren da bai kamata ta shiga ba, ta bar wuraren da babu mai iya tsayawa sai ita. Manomin Zamfara ko na kudancin Katsina da sai ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, ba yawan gwamnati ne ya dame shi ba, rashinta ne ke kashe shi. Babu ɗan kasuwar da zai gina masa kotun da za ta ƙwato masa haƙƙinsa, ko ya ajiye hatsin da za a raba kyauta ranar da fari ya zo, ko ya koyar da 'yar talakan da ba ta da ko sisi. Haka kuma attajirin da ke wa'azin 'yancin kasuwa a taro, ya koma ta bayan gida yana neman a yafe masa harajin kwastan ko a hana kowa shigo da irin kayansa, ba kasuwa yake so ba, gwamnati yake so ta zama tasa shi kaɗai. Cire tallafi ba tare da an tanadi motocin haya masu sauƙi da abinci da magani ba, aka bar mai albashin 30,000 ya ji da kansa fiye da shekara guda, zalunci ne ko da lissafin cirewar daidai yake. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 daga nan ta taso.

Tun da aka cire tallafin, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, kuma kowane wata ana buga abin da aka raba a jaridu da intanet. Waɗannan kuɗi daga aljihunka suka fito, a gidan mai ka biya su. Ko kana cikin masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta, ko kana cikin masu cewa gwamnati ta dawo ta tallafa, ka nemi adadin da jiharka da ƙaramar hukumarka suka karɓa a watan jiya. Ka leƙa asibitin garinku da makarantar firamaren unguwarku ka ga abin da ke ciki. Sannan ku haɗu, ku da kuke gardama a majalisa ɗaya, ku je wurin kansilanku da ɗan majalisarku ku tambaye su inda kuɗin suka shiga.